Kafin a fara zuwa awo: roba, turare da halittar ɗa namiji a cikin ciki

Yawancinmu a nan Kaduna ba ma fara zuwa awo sai ciki ya shiga wata huɗu ko biyar, wata ma sai ya fito sosai har hijabi ya kasa ɓoye shi sannan za ta je ta yanki kati. Kafin nan ciki sirri ne, daga ke sai maigida, in na fari ne ma har mahaifiyarki kunyar gaya mata kike yi sai dai ta gane da kanta in ta ga kina ta tofar da yawu. Ni ban ce ɓoyon laifi bane, haka muka taso. Abun da yake damuna shine in cikin nan namiji ne, to aikin gina gabansa da 'ya'yan marainansa ana yin mafi muhimmancinsa ne tsakanin sati na 8 zuwa na 14, wato daidai lokacin laulayi, lokacin da ba nas ɗin da ta ganki balle ta ce miki ci kaza bar kaza. Ko hadisin nan da muka sani na kwana arba'in arba'in har sau uku kafin a busa rai, in kika lissafa za ki ga tun kafin a kai kwana 120 ɗin an riga an wuce wannan gaɓar.

Ni ba likita bace, kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, ta nan na fara cin karo da maganar sinadaran da ake kira fitalet, kuma tunda na fahimci alaƙarsu da wancan lokacin na ciki na kasa kallon kicin ɗina da ɗakina yadda nake kallonsu da.

Akwai wata irin roba da ake kira PVC, ita ce ake bututun ruwa da ita irin wanda masu famfo suke sayowa, in ba a saka mata komai ba tauri gareta. Don ta yi laushi ta lanƙwasu sai a cuɗa ta da wani abu mai kama da mai, mara kala, kusan ba shi da wari, shine fitalet. Tun wajajen 1930 ake amfani da su, kuma ba guda ɗaya bane dangi ne, akwai DEHP, akwai DBP, BBP, DINP, sai DEP wanda shi ba a roba aka fi samunsa ba, a turare da kayan kwalliya yake. A wata robar mai laushi irin ta tiyo ko jakar ƙarin ruwa, fitalet ɗin yana iya kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyinta, ba ɗan barbaɗe bane. Matsalar kuma ba ya manne da robar, zama kawai yake yi a tsakaninta kamar mai a jikin ƙosai, kin san in kika ɗora ƙosai a takarda yadda man yake fitowa da kansa. Zafi yana ƙara fito da shi, maiƙo yana jansa, tsufan robar ma haka. Shi yasa tsohon tiyo ko tsohuwar ledar tsakar ɗaki suke bushewa su fara tsagewa, abun da yake sa su laushi ne ya fice, sai ki tambayi kanki ina ya tafi. Ya shiga iskar ɗakin, ya shiga ƙura, ya shiga ruwa da abinci, wani ta fata.

Abu ɗaya mai daɗin ji shine ba ya daɗewa a jiki, cikin kwana ɗaya ko biyu jiki ya sarrafa shi ya fitar ta fitsari, shi yasa ma masu bincike fitsari suke aunawa. Sai dai kullum muna sake zuba wani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ta auna fitsarin jama'arta ta samu burbushinsa a kusan kowa, kuma an same shi a ruwan da ɗan tayi yake kwance a ciki, wato yana ƙetarawa daga uwa zuwa ɗa.

To me ya haɗa shi da ɗa namiji musamman? A makonnin farko na ciki mace da namiji halittarsu iri ɗaya ce ta wajen nan, ba za ki bambance ba. Wajen sati na 7 wani ƙwayar gado da ake kira SRY, wanda yake kan abun da uba ya bayar, shi yake ba da umarni a fara gina 'ya'yan maraina, kuma ba a cikin jakar ake gina su ba, can cikin cikin ɗan tayin suke kusa da ƙoda. Da sun kafu sai su fara fitar da sinadarin mazantaka, testosteron, shi ne zai sa gaban ya girma, hanyar fitsari ta naɗe ta rufe har zuwa kan kaciya, jakar maraina ta haɗe. Akwai wani sinadarin kuma INSL3 da yake taimakawa 'ya'yan marainan su fara gangarowa, a hankali a hankali, sai a watannin ƙarshe na ciki suke faɗawa cikin jakar. In testosteron ɗin nan ya yi ƙaranci a wancan ɗan lokacin, aikin zai fito ba daidai ba, kuma ko daga baya ya dawo ya yi yawa ba ya komawa ya gyara abun da aka riga aka wuce. Masu bincike a Jami'ar Edinbara ƙarƙashin Richard Sharpe su suka nuna haka a jikin ɓeraye a 2008, kuma su suka ƙiyasta cewa a mutum lokacin ya faɗo sati na 8 zuwa 14.

A ɓeraye kam maganar ba ta da ja. Tun wajajen shekarar 2000 masana irin su Earl Gray da Paul Foster a Amurka suke ba ɓeraye masu ciki DBP ko DEHP, 'ya'yan maza sai su fito da matsaloli iri ɗaya kusan kullum: ƙofar fitsari ta ɓullo ta ƙasan gaba maimakon a kai, 'ya'yan maraina su maƙale ba su sauko ba, in sun girma maniyyi ya yi ƙaranci, har kan nono suke fitowa da shi alhali namijin ɓera ba ya da shi. Sannan tazarar da ke tsakanin dubura da gaba ta gajarce. Wannan tazarar ku riƙe ta don ita ce ma'aunin da aka fi amfani da shi, a namiji tana kai kusan ninki biyu na ta mace, a ɓera da mutum duka, kuma yawan testosteron ɗin da ɗan tayi ya samu a ciki shi yake yanke tsawonta.

A mutum ba za a ɗauko mai ciki a ɗura mata sinadari don gwaji ba, sai dai a auna abun da yake jikinta a jira a ga ɗan. Haka wata mai bincike Shanna Swan ta yi, binciken ya fito a 2005, an auna fitsarin mata masu ciki a Amurka sannan aka auna 'ya'yansu maza su 85, aka ga waɗanda iyayensu suka fi yawan wasu nau'in fitalet a fitsari sun fi samun gajeriyar tazara, kuma a cikin masu gajeriyar tazarar an fi samun waɗanda marainansu bai gama sauka ba. Yara 85 ba yawa, kamfanonin roba ma sun yi ta faɗin haka, to sai ta sake wani mafi girma a birane huɗu da ya fito a 2015, shi an ɗauki fitsarin ne a watanni ukun farko, aka sake ganin alaƙar DEHP da gajeriyar tazara a yara maza, a mata kuma ba a gani ba. A Suwidin ma a 2015 Carl-Gustaf Bornehag ya auna yara maza 196 ya ga irin haka amma da DINP, kuma abun haushin DINP ɗin shi aka kawo ya maye gurbin DEHP wai ya fi lafiya.

Amma fa kar in cika ku da tsoro in ɓoye ɗaya ɓangaren. A garin Odense na Denmak an yi irin wannan binciken ya fito a 2016 ba a ga wata alaƙa mai ƙarfi ba, sai dai matan can abun da ke jikinsu kaɗan ne. Sannan a 2012 wasu masana sun dasa tsokar marainan ɗan tayin mutum a jikin ɓeraye suka ba su DBP, testosteron ɗin bai ragu ba yadda yake raguwa a na ɓera, wanda ya nuna ɗan Adam ba lallai ya zama daidai da ɓera ba. Kuma abun da ake ba ɓerayen gwaji ya ninka wanda mutum yake samu a rayuwar yau da kullum nesa ba kusa ba. Tazarar da ake cewa ta gajarce a jarirai ma 'yar kaɗan ce, sai an tara yara da yawa an yi lissafi ake ganinta, ba abun da uwa za ta ɗauko tef ɗin tela ta auna ta fara kuka bane. Nawa ra'ayin shine hujjar ta isa mutum ya rage abun da zai iya ragewa ba tare da ya kashe kuɗi ba, amma ba ta kai a ce duk yaron da aka haifa da matsala roba ce ta jawo ba. Gado yana ciki, haihuwar bakwaini tana ciki, hayaƙin sigari, ciwon suga na masu ciki, wasu magungunan feshin ƙwari, wani kuma ba a san dalili ba sai dai a ce haka Allah ya ƙaddara.

Wani likita ɗan Denmak, Niels Skakkebaek, tun 2001 ya kawo ra'ayin cewa abubuwa huɗu da muke gani kamar ba su da haɗi tushensu ɗaya ne a cikin ciki: maƙalewar maraina, ɓullowar ƙofar fitsari ta ƙasa, ƙarancin maniyyi, da kansar maraina da take kama samari. Biyu ana ganinsu ranar haihuwa, biyun kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin. Na ƙarancin maniyyin shi ya fi tsaya min a rai saboda yadda muke yi a gidajenmu. Aure ya shekara uku ba ciki, wa ake kallo? Matar. Ita za ta sha rubutu ta sha sassaƙe ta sha gori wajen dangin miji, a yi mata wankin mara, ƙarshe a yi mata kishiya, ita ma ta zo ta zauna shiru, shi kuma gogan ko sau ɗaya bai taɓa kai maniyyinsa an auna ba don a ganinsa tunda yana iya kwanciyar aure to lafiyarsa ƙalau. Alhali a kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa akwai hannun matsalar namiji a ciki, kuma ƙarfin gaba daban, yawan ƙwayoyin haihuwa daban. Wani nazari na Hagai Levine da ya fito a 2017 ya haɗa binciken ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya ya ce yawan ƙwayoyin maniyyi ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2011. Har yau masana suna gardama akan lissafin da kuma dalilin, ƙiba ce ko sigari ko sinadarai ko duka, amma dai ba wanda yake cewa namiji ba ya samun matsala.

Yanzu mu dawo gida, ina abun yake a ɗakunanmu?

Na farko da ba wanda yake kawowa a rai, ledar tsakar ɗaki. Wannan mai zanen tayil da ake yanko mana da yadi a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi in za a yi jeren amarya, PVC ce mai laushi, kuma wannan warin sabuwar leda da muke ji in an buɗe ɗakin amarya har muna cewa ɗaki ya yi ƙamshin sabunta, alama ce robar tana sakin abubuwa cikin iska. Ku duba lissafin da kyau: an shimfiɗa sabuwar leda, an rufe tagogi an saki labule mai kauri, an kai yarinya a watan Maris ko Afrilu da zafin Kaduna yake neman digiri 40 ga rufin kwano ga ba wuta, ita kuma amarya ba fita take ba wuni take a ciki, a kan ledar take zama ta ci abinci ta kwanta don ta fi katifa sanyi, cikin wata biyu uku ta samu ciki. A binciken nan na Suwidin an ga matan da suke da daɓen PVC a gida sun fi yawan burbushin BBP a fitsari. Ban ce a je a yaye leda a zubar ba, ba kowa ke da kuɗin tayil ba, amma a buɗe taga iska ta ratsa, a shimfiɗa tabarmar kaba ko darduma a inda ake zama, kuma a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma don sinadarin yana liƙewa a ƙura, shara da tsintsiya tayar da ita kawai take yi, balle lokacin hunturu da ƙura ba ta ƙarewa. In kuma ana shirin biki ne kuma da hali, wallahi da a rage kujera ɗaya a cikin saiti a yi tayil ko a goge siminti ya fi.

Sai tiyo. Wanda ake jan ruwa da shi daga rijiyar burtsatse, ya wuni a rana da ruwa kwance a cikinsa ya yi zafi, a zo a tara na farkon a jarka a sha. A bar na farkon ya zube a wanki ko shuka. Sai ledar tebur, labulen bayi, ledar da ake shimfiɗa wa jariri don fitsari, takalman roba masu sheƙi, jakunkunan fatar ƙarya da suke ɓarewa, 'yar tsana da ƙwallon roba mai laushi da ake sayarwa a baro ba suna ba lamba. Tarayyar Turai ta hana saka wasu fitalet a kayan wasan da yara suke sawa a baki tun 1999, ta mayar da dokar ta dindindin a 2005, Amurka ta bi a 2008 ta ce kar ya wuce kashi 0.1 cikin 100, a 2020 kuma Turai ta faɗaɗa takunkumin DEHP da DBP da BBP da wani ɗan uwansu DIBP zuwa yawancin kayan amfanin gida. Kayan da ba za su shiga can ba ai ba ƙona su ake yi ba, kasuwa ake nema musu, kuma mun san kasuwar da ba a tambayar komai sai nawa ne.

Maganar turare ita ce nasan za ta jawo min faɗa da masu sayar da humra, don Allah ku yi haƙuri ni ma ina so. DEP ana amfani da shi a duniya wajen tsinka madarar turare da sa ƙamshi ya kama jiki ya daɗe, ana sa shi a turaren tsinke, da man shafawa mai ƙamshi da na feshin ɗaki da wanda ake ratayawa a mota, kuma ko a kayan kamfani ba lallai a rubuta sunansa ba, sai a dunƙule a ce kayan ƙamshi kawai. To balle madarar da ake aunowa a kwalba ba takarda a haɗa humra da kwalacca da turaren wuta. A gaskiya DEP shi ne mai sauƙin cikin dangin, a gwajin ɓeraye bai yi ɓarnar da DEHP da DBP suke yi ba, duk da ya fito a cikin waɗanda Swan ta gani a 2005. Don haka ban ce a daina turare ba, amma yadda muke yi ya yi yawa, a tsuguna kan kasko a lulluɓa da bargo hayaƙi ya shiga ko'ina, a shafa humra tun daga wuya har ƙafa, a turara labule da zanin gado a rufe ɗaki ruf. Wata uku na farkon ciki a sassauta, dama yawanci masu laulayi ba sa son ƙamshi, to kar a matsa musu wai kar miji ya ji ɗaki ba ƙamshi. An yi wani gwaji a Kalifoniya da ya fito a 2016, 'yan mata 100 aka canza wa kayan kwalliya na kwana uku kacal, burbushin DEP a fitsarinsu ya sauka da kashi 27 cikin 100. Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun suna nan ba abun da aka cuɗa musu in kin samu na asali. Jan farce na kanti shi ma an daɗe ana sa masa DBP, nan dai mun tsira da yawa saboda alwala ta sa mun riƙe lallenmu.

Sai abinci, wanda a binciken ƙasashen waje ta nan DEHP ya fi shiga jiki, musamman abinci mai maiƙo da ya bi ta injina da tiyo da safar hannu ta roba da ledar naɗi kafin ya iso baki. A 2011 an gwada iyalai biyar a yankin San Faransisko, aka ba su abinci ɗanye da aka dafa ba gwangwani ba roba na kwana uku, burbushin DEHP ya ragu da fiye da rabi. A wannan shekarar kuma aka yi abun kunya a Taiwan inda aka kama wasu suna zuba DEHP kai tsaye a cikin haɗin lemo da kayan sha a madadin man ja da ya kamata su sa, don ya fi araha kuma ba ya lalacewa, an shekara da shekaru ana sha kafin a gano.

A nan sai na gyara wata magana da take yawo a WhatsApp, wai fiya wata da farar leda suna kashe mazantaka. Ledar fiya wata da farar ledar ƙulla kaya polietilin ce, ita da kanta mai laushi ce ba ta buƙatar fitalet, gorar ruwa da ta lemo ita ma wata robar ce daban mai lamba 1 a gindi. Wadda ake nufi da PVC lamba 3 ce a cikin ɗan alamar nan mai kusurwa uku. To amma wannan bai wanke ɗabi'armu ba, don in aka auna abinci da ruwan da suka zauna a roba cikin zafi ana samun burbushi, musamman robar da aka narka tsofaffin robobi aka sake yi, irin baƙar leda da robobi masu arha, ba wanda ya tace abun da ya shiga tukunyar narkin. Mu kuma komai da zafinsa muke zubawa. Koko a leda, kunu a leda, alala a ƙulla a leda a jefa a tafasasshen ruwa da manja a ciki, tuwo a kwashe a naɗe a leda a jera a kula tun rana har dare, miyar biki a bokitin fenti, awara daga kasko zuwa baƙar leda. Zafi da maiƙo da roba, duka ukun a wuri ɗaya.

Da na yi wa Innarmu wannan bayanin cewa ta yi, ke dai da boko, mu da muka haifi tara muka yaye wace roba ce ta hana mu. Na ce Inna ai ku a akushi da ƙwarya kuka ci, ruwanku a randa, alalarku a ganye ko gwangwani, ɗakinku daɓe ne da tabarma, mu ne aka haifa cikin leda. Ta ce to wa ya hana ku, ga samira can a saman kabad tun ta aurena ba mai taɓawa. Kuma gaskiyarta, yawancin abun da ake buƙata yana gidan: kwanon silba, samira, tangaran, kwalbar da aka gama shan abun ciki, gwangwanin alala. Mai koko ba za ta ƙi zuba miki a kofin silba ba in kin aika da shi. Tuwo in an mulmula da mara a jera a kula mai cikin ƙarfe ba ya buƙatar leda, sabo ne kawai.

Iyayen gida maza, wannan ɓangaren naku ne don ku kuke cefane kuma ku kuke shigowa da ledar tsire da ta gasasshiyar kaza da dare, kuma ku ne kaɗai kuka san da cikin a lokacin da ake magana. Ba sai an jira gwaji ya nuna ba ma, duk gidan da ake sa ran haihuwa lokacin ya riga ya fara, don mace tana iya kai sati shida ko bakwai ba ta tabbatar ba. A naɗo naman a takarda mai tsabta ko a tafi da kwano, a daina kunna gawayi da leda a tsakar gida mai ciki tana shaƙa, wannan hayaƙin ma nasa sharrin daban ne ya wuce na fitalet.

Wani abun kuma, kar wata ta karanta wannan ta je asibiti ta ƙi ƙarin ruwa ko ƙarin jini wai jakar PVC ce. Eh da yawansu akwai DEHP, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ma ta ja hankali akai tun 2002 musamman ga jarirai maza bakwaini da suke daɗewa da tiyo a jiki, amma ta ce kar a fasa magani saboda shi. Mai aman laulayi da ruwan jikinta ya ƙare ko mai zubar jini, ƙarin shi ne ranta. Haka nono, an samu burbushi a cikinsa amma ba abun da ya kai shi ga jariri, a ci gaba da shayarwa.

In an haihu kuma namiji ne, a duba shi, musamman mu da ake yawan haihuwa a gida ba likitan da ya gani. Kunya ba ta da wuri a nan. Lokacin wanka da ruwan ɗumi a taɓa jakar a hankali a ji ko 'ya'yan biyu suna ciki. Kusan 3 cikin 100 na yaran da suka cika wata tara ana haifarsu da ɗaya ko duka bai sauko ba, a bakwaini ya fi haka sosai, yawanci suna saukowa da kansu cikin watannin farko, amma in ya kai wata shida shiru to ba zai sauko da kansa ba, ba kuma aikin mai magani ko matsa da hannu bane, tiyata ce ƙarama da ake so a yi kafin ya wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, don zafin cikin jiki yana lalata ƙwayoyin da za su yi maniyyi in ya daɗe a can, kuma haɗarin kansa yana ƙaruwa. Sannan a kalli inda fitsari yake fitowa. In ta ƙasan gaba yake fita, ko gaban ya lanƙwashe ƙasa, ko fatar ta taru a sama ta bar ƙasan a buɗe har tsofaffi suna cewa an haife shi da kaciyarsa, to kar a bari wanzami ko wani mai kemis ya yi masa kaciya, wannan fatar da ita likita yake gyara hanyar fitsarin, in an yanke an zubar aikin ya ƙara wuya. Ana samun irin haka a kusan yaro 1 cikin 200 zuwa 300. A kai shi babban asibiti, Barau Dikko a cikin gari ko a wuce Shika a Zariya inda akwai likitocin tiyatar yara, su za su faɗi lokacin da ya dace a yi aikin, kaciyar ma a nan ake haɗawa a yi gaba ɗaya.